Ƙyauren taga na katako: kurakuran da na gaji da gani

Tunda masu gidan gona da masu gyara tsofaffin gidajen ƙasa suka dawo suna son ƙyauren katako ta cikin ɗaki, kowane yaron shago ya zama gwani. Ranar da aka kafa, aikin gwanin sha'awa, bayan wata uku sai ka tarar mai gida yana rufe tagarsa da kafaɗa.

Babbar matsalar ita ce ɗanyen katako. Yawancin falankin da ke kasuwanninmu daga dazukan kudu ake kawo shi, irin su Ondo da Edo, yana isowa Kano ko Zariya da ruwansa a ciki. Hunturu na kaɗawa sai ya fara tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ɗanyen falanki mai faɗin inci 12 yana iya rasa kusan rabin inci. Wani mai sayar da katako ya taɓa rantse mini cewa melinarsa, wani nau'in katako, ta bushe ƙarau. Na yi wa gida guda ƙyamare da ita a ƙarshen damina, na sassaƙa dagi a tsakiyar kowanne. Kafin watan Janairu ya fita, tsakanin falanki da falanki ya buɗe har yatsa na shiga, dagin ya rabu biyu. Da kuɗin aljihuna na sake aikin gaba ɗaya. Melina ta fi kowane katako yaudara, bayanta ya bushe, cikinta sharkaf. Ni yanzu ko wa ya rantse, sai na jera falankin a inuwa, na sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, na ɗora dutse a sama, ya yi aƙalla sati shida. Wasu na cewa a shanya a rana ya fi sauri. Haka ne, ya kuma fi saurin tsagewa.

Sai katakon da ake gittawa a baya. Haba samari! Sau nawa za a faɗa muku? Ƙasansa yana zama ne ta ɓangaren hinji, samansa ya nufi ɓangaren sakata, don nauyin ƙyauren ya sauka a kansa. Kun juya shi, ƙyauren ya sunkuya, bakinsa na goge firam, sannan ku ce hinjin ne jabu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kuke malala gam a kansa tun daga wannan baki har wancan. Falankin yana son motsi, kun ɗaure shi tamau, to ina zai je in ba tsagewa ba? Sukuru kawai nake sawa, kuma ramukan gefe nakan ɗan faɗaɗa su. In maɗaci ne, a fara huda rami kafin a ɗaura.

Awo kuma, tagar ginin ƙasa ba ta san sikwaya ba. A auna sama, tsakiya da ƙasa, a yi aiki da mafi ƙanƙanta. Nakan bar milimita 3 kowane gefe, in a hunturu nake aikin na ƙara kaɗan, don Agusta na zuwa zai kumbura.

A duba ƙarfen taga da ragar sauro kafin a kafa, kada ƙyauren ya tokare su. Ƙyaure mai tsayi hinji uku yake so.

Banish a fuska kaɗai aikin ganin ido ne. Baya, gefe, musamman bakin da zarto ya yanka, duk a shafe, don ta nan laima ta fi shiga. Gara kuwa, katakon obece abincinta ne; na iroko ya fi jure mata in mai aikin zai iya biya. Masu shafa baƙin mai don korar gara a katakon da za a kwana da shi a ɗaki, ku ji tsoron Allah. Akwai maganin gara na gwangwani, a shafa shi a bar shi ya sha iska a waje kafin a shigo da ƙyauren.