Waƙafin Sama a Turanci: Inda Ɗaliban Sakandare Suke Tuntuɓe

Yaron da ya iya karatun Hausa ya san waƙafin sama (apostrophe), wato alamar nan da ake ratayawa a saman layi, tun kafin ya shiga darasin Turanci, domin ya gan ta a sa'a da ma'aikaci da 'ya'ya. Sai dai a Hausa alama ce mai sauti, tana tsayar da murya a maƙogwaro ko ta sauya furucin harafin da ke biye da ita. A Turanci kuwa ba a furta ta ko kaɗan, kuma manyan ayyukanta biyu ne, wato nuna gurbin harafin da aka cire da kuma nuna mallaka. A ganina kuskure na farko namu ne mu malamai, domin muna rubuta jerin kalmomi a allo mu ce a haddace, ba tare da mun warware wa yara wannan bambanci ba.

Daga nan ne ake samun ɗalibi ya rubuta do'nt ko is'nt, saboda yana zaton alamar tana raba kalmomi biyu ne. Gyaran shi ne a sa shi ya rubuta do not a cike, ya soke harafin o na not da hannunsa, sannan ya ɗora alamar a daidai inda ya soke. Wanda ya yi haka sau goma da wuya ya sake ɓata wurin. Kalmomi irin su won't da shan't da can't sun kauce wa wannan tsari, don haka a koyar da su daban.

Inda aka fi shan wahala shi ne its da it's, kuma ban ga laifin yara sosai ba, tunda mu muka gaya musu cewa 's tana nuna mallaka, sai suka ga ai wutsiyar akuya ma mallakarta ce, suka rubuta it's tail. Abin da ya kamata su sani shi ne wakilan suna na mallaka, irin su his da hers da ours da its, ba sa ɗaukar alamar. Gwajin da nake ba su guda ɗaya ne: a buɗe kalmar a karanta jimlar da ƙarfi. Idan it is ko it has ta zauna daram, a sa alamar. Idan magana ta karye, kamar it is tail, a bar ta. Wannan gwaji shi ne kuma yake raba you're da your, da they're da their, da who's da whose.

A wajen mallaka, tsarin Hausa yana jan hannun ɗalibi. Mu muna cewa littafin Audu, muna liƙa ɗafin -n ga abin da aka mallaka, alhali Turanci yana gabatar da mai abin ya liƙa masa alamar, Audu's book. A koya wa yaro ya fara tambayar kansa ko na wane ne. Idan amsar the boy ce, sai the boy's books. Idan the boys ce, sai the boys' books. Idan children ce, wadda jam'i ce ba tare da s ba, sai children's. Jam'i na zalla, kamar mangoes ko tailors, ba shi da hurumi da alamar, ko da kuwa yaro ya ga an rubuta ta a allunan shaguna.

Akwai kuma Yes, I'm a matsayin cikakkiyar amsa, wadda ba ta halatta ba. Yes, I am ake cewa.

Saura batun inda gajartawar ta dace. A jarrabawar WAEC da NECO ana karɓar I'm da can't a wasiƙar da aka rubuta wa aboki ko ɗan'uwa, amma wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko editan jarida tana buƙatar I am da cannot a cike. A tsarin makin WAEC an ware maki 10 cikin 50 na insha'i domin ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Saboda haka nakan ba 'yan aji uku na babbar sakandare saƙo guda su rubuta shi sau biyu, ɗaya zuwa ga yayansu, ɗaya zuwa ga shugaban makaranta, sannan su yi musayar littattafai kowa ya zagaye duk waƙafin saman da ya gani ya faɗi aikin da yake yi a wurin.