Yadda ake gyara barci don kare zuciya da kitsen jini

Wani zai rage maiƙo a abinci, ya riƙa motsa jiki, amma gwajin jini ya fito kolestarol ɗinsa, wato wani nau'in kitsen jini, na nan daram, kuma ba wanda ya tambaye shi awa nawa yake barci. A shekarar 2022 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta saka barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, ta ce babban mutum na buƙatar awa 7 zuwa 9 kowane dare.

Da farko, san inda kake. Ɗauki mako guda kana rubuta lokacin da barci ya kwashe ka da lokacin da ka tashi. Ban da awar da ka yi kwance kana latsa waya, wannan ba ta cikin lissafi. Da yawa sai sun ƙirga suke ganin ko awa 6 ba sa cikawa. Illar ta nan take shigowa: ƙarancin barci yana ƙara sinadarin da ke tada yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, sai ka wuni kana kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ƙiba ta biyo baya, tare da ita kitsen jini kan hau, HDL, wato kolestarol mai amfani, kuma ya ragu. Ga kuma matsin jini (BP), wanda kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan mutum yana barci. Wanda ya gajarta darensa ya rage wa zuciyarsa wannan hutun.

Na biyu, tsayar da lokacin tashi ɗaya, har ranakun hutu. Sannan ka riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku. A ganina nan ne mutane ke faɗuwa, domin suna son gyara komai a dare ɗaya, su kwanta ƙarfe 9 ido biyu har tsakar dare, washegari su ce abin bai yi ba.

Na uku, kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci. Kusan awa 5 yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini, wato kofin ƙarfe 4 na yamma rabinsa na jikinka ƙarfe 9. Ɗaki kuma ya zama mai duhu da sanyi, waya nesa da gado.

Na huɗu, tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana minshari. Idan minsharin kan yanke, ka yi shiru kamar numfashi ya ɗauke, sannan ka zabura da shaƙa mai ƙarfi, ga gyangyaɗi da rana, je wurin likita. Wannan ɗaukewar numfashin tana da alaƙa da hawan jini da rikicewar bugun zuciya. Haka ma idan kullum sai ka wuce awa 9 kuma ka tashi a gajiye.

Sai gwajin kolestarol ɗin kansa, domin yawan kolestarol ba ya ciwo balle ka ji shi. Idan an riga an ɗora ka a kan magani, kada ka daina don barcinka ya gyaru, sai dai ka tambayi lokacin sha. Hanta ta fi sarrafa kolestarol da dare, shi ya sa ake shan maganin rage shi mai suna simvastatin da yamma, ɗan'uwansa atorvastatin kuwa yana daɗewa a jiki, kowane lokaci aka sha shi ya yi.