Darasi na Bakwai: Jakar Tsila a Mafitsara

Kashi na ɗaya: daga ina take zuwa?

Iyayena da yayyena, mu karanta a hankali, ba sauri muke ba. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki, nan a mara. Akwai wata ƙaramar tsila da ke zaune a hanjin kare, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ƙwayayenta suna fita cikin kashin kare, kuma ido ba ya ganinsu. Suna manne wa gashin kare da ƙasa da ganye, suna faɗawa ruwa. In ƙwan ya shiga bakin mutum, sai ya ƙyanƙyashe a hanji, ɗan tsilar ya bi jini, ya sami wuri ya zama jaka mai ruwa, ta yi shekaru tana girma ba a sani ba. Ta fi zama a hanta, sai huhu. Ba kasafai take fitowa a mafitsara ko bayanta ba, amma takan fito.

Kashi na biyu: hannu

Nan ake yawan tuntuɓe. Dabbobi ma sukan sami wannan jaka, amma cin naman da ke da jakar ba ya kawo wa mutum wannan cuta, kare ne ke kamuwa ta nan. Mutum ƙwan yake haɗiya. A sake karantawa: ƙwan, ta baki.

Saboda haka ku jiƙa hannu, ku sa sabulu, ku cuɗa na daƙiƙa 20: tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Ku ɗauraye da ruwa mai zuba. Bayan taɓa kare, sabulu. Bayan aikin ƙasa, sabulu. Kafin cin abinci, sabulu. Wanda ya manta yau, ba komai, gobe ya gyara. Amma tsoma yatsu a ruwa a yarfe ba wanke hannu ba ne! Sau nawa za a faɗa? Ƙarƙashin farce ƙwan ke ɓuya, nan kuma ake tsallakewa. A koma a cuɗa, da sabulu, daƙiƙa 20. Yara ma haka.

Kashi na uku: alamomi da magani

Jakar in ta girma tana danne mafitsara: yawan fitsari, ko ya riƙa fita da ƙyar, ko ya tsaya, da ciwon mara. In ta fashe cikin mafitsara, akan ga wani abu kamar ɓawon inabi a fitsari. Kada a ɗauka tsargiya ce a sayi magani. A je asibiti a yi hoton sikanin. Yawanci tiyata ake yi, tare da ƙwayar albendazole yadda likita ya ƙayyade. Mai juna biyu ta faɗa masa tun farko. Kada kowa ya huda jakar, ruwanta in ya zube a ciki yana yaɗa cutar, yana iya sumar da mutum nan take.

Kashi na huɗu: kare

Kada a jefa masa ɗanyen kayan ciki. Hanta ko huhu mai jaka a ƙone, ko a binne da zurfi. Likitan dabbobi ya riƙa ba karen maganin tsila mai suna praziquantel.