Kurajen nan da ke maƙale a ƙarƙashin fata, ga yadda za ki yi da su

Yar uwa, irin kurajen nan da in kin shafa fuska za ki ji gudaji-gudaji amma ba su fito da baki ba, maiƙon fata ne da matattun ƙwayoyin fata suka toshe ƙofar gashi. Canjin sinadaran jiki (homon) lokacin al'ada yana ƙara su, haka mai me kauri, da man bilicin me sinadarin siteroyid.

Da farko dan Allah ki daina matsa su, wallahi matsawar nan ce ke tura dattin ciki ya kumbura ya bar miki baƙin tabo na watanni.

Na biyu, wanke fuska sau 2 a rana da sabulu mara ƙarfi, me sinadarin salicylic acid 2% ya fi don yana shiga cikin ƙofar gashin ya narka maiƙon. Banda dirza.

Na uku shi ne babba, man shafawa na maganin kuraje me suna adapalene 0.1% da daddare, kamar ƙwayar wake ɗaya ta ishi fuska gaba ɗaya, ki fara bayan kwana biyu-biyu saboda fatar za ta bushe har ta ɗan yi saɓa, kar ki tsorata ki bari, sai an kai sati 8 zuwa 12 kafin ki ga canji sosai. Da safe ki shafa man kariyar rana. Me ciki kar ta taɓa adapalene sam.

Wanda ya kumbura yana zafi, tsumma me tsafta da ruwan ɗumi minti 10.

In wata 3 ba sauƙi, ko suna barin rami, ki je wajen likitan fata.