Yadda Kamfani Zai Riƙe Murya Ɗaya Idan Ƙirƙirarriyar Basira Ce Ke Magana a Madadinsa

Abokin ciniki ba ruwansa da yadda kamfani ya rarraba sassansa. Wanda ya ga talla a Instagram da safe, ya karɓi imel da rana, sannan ya shiga hira da manhajar amsa tambayoyi da dare, a wurinsa mutum ɗaya ne ya yi masa magana sau uku. Idan tallar ta zo da raha, imel ɗin ya zo a murtuke kamar wasiƙar lauya, manhajar kuma ta yi ta ba shi haƙuri ba tare da ta warware masa komai ba, zai fara shakkar wanda yake hulɗa da shi, ko da kuwa babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da aka faɗa masa.

Matsalar ta girmi ƙirƙirarriyar basira, amma ta yi ƙamari tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, rubutu ya zama abin da ake samarwa cikin daƙiƙu. Waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan tarin rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, saboda haka idan ba a nuna musu hanya ba sai su koma ga wata murya ta tsaka-tsaki, mai ladabi, mai yawan surutu, mai ɗokin da ya wuce kima, wadda ba ta kowa ba ce. Ƙari a kan haka, sashen talla yana da tasa manhajar, sashen kula da abokan ciniki yana da tasa, kowanne kuma ya rubuta mata umarnin da ya ga dama. A nan muryar take tarwatsewa, kuma a nan ya kamata gyara ya soma.

Aikin farko ba ya buƙatar kwamfuta sosai. Ku tattaro rubuce-rubucen da kamfanin ya riga ya fitar waɗanda kowa ya yarda cewa sun yi kama da shi: tallace-tallacen da suka karɓu, amsoshin da ƙwararrun ma'aikata suka ba masu ƙorafi, sanarwar ƙarin farashi da ba ta tayar da ƙura ba. Ku haɗa da wasu da ba su yi ba, domin su ma suna koyarwa. Sai ku zauna ku karanta su da babbar murya, kuna tambayar kanku abin da marubucin ya zaɓa a kowace jimla da abin da ya ƙi.

Kuskuren da aka fi tafkawa a wannan mataki shi ne a taƙaita muryar cikin siffofi uku ko huɗu, a ce kamfanin mai fara'a ne, mai gaskiya, ƙwararre. Babu kamfanin da zai ce shi ba haka yake ba, kuma manhajar da aka ba wannan bayani ba za ta sauya komai a rubutunta ba, sai dai ta ƙara alamun motsin rai. Abin da ke aiki shi ne hukunci a rubuce. Cibiyar Nielsen Norman Group, wadda ke nazarin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ta fitar da ma'auni huɗu a 2016 waɗanda suke da amfani wajen farawa: raha ko natsuwa, maganar hukuma ko ta yau da kullum, girmamawa ko tsokana, zumuɗi ko faɗin abu yadda yake. Ku tsayar da matsayinku a kan kowanne, sannan ku mayar da shi ƙa'idar da za a iya dubawa a gani ko an bi. Misali, amsar tambaya ta zo a jimlar farko. Ba da haƙuri sau ɗaya ya isa a saƙo guda. Ba a saka hotunan murmushi a amsar ƙorafi. Ba a kiran kaya da wani suna in ba wanda ke jikin kwalinsa ba. Ba a cewa “mafi kyau a duniya” ko makamancinsa. Jerin kalmomin da aka haramta yakan fi jerin waɗanda aka halatta tasiri, domin shi ne yake datse ɗabi'un da manhajar ta zo da su.

A ɗauka wani ya rubuto cewa kayan da ya saya ba su iso ba. Manhajar da ba a nuna wa hanya ba za ta iya cewa: “Muna matuƙar godiya da tuntuɓarmu! Mun fahimci yadda wannan lamari zai iya ɓata muku rai, kuma gamsuwarku ita ce babban burinmu.” An yi jimla biyu ke nan, mutumin bai san inda kayansa suke ba. Kamfanin da ya zaɓi faɗin abu yadda yake zai so a ce: “Ku yi haƙuri, kayanku sun makara. Sun bar rumbun ajiyarmu ranar Litinin, muna sa ran za su iso ranar Alhamis. Idan ba su iso ba, ku amsa wannan saƙo domin mu bi sawunsu.” Irin waɗannan amsoshi guda biyu, mai kyau da marar kyau gefe da gefe, tare da layi ɗaya da ke bayyana dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya, su ne kashin bayan kundin murya, wato takardar da za ta tattara ƙa'idoji da misalan yadda kamfanin yake magana. A ganina misali goma irin wannan sun fi shafi goma na bayani.

Sai dai murya ɗaya ba tana nufin yanayi ɗaya a kowane hali ba. Kamfanin Mailchimp, mai hidimar aika imel na talla, ya shahara da kundin salonsa da ya wallafa a fili, inda ya bambanta murya, wadda ba ta sauyawa, da yanayin magana, wanda ke bin halin da mai karatu yake ciki. Rahar da ta dace da sanarwar sabon kaya cin fuska ce ga wanda aka cire wa kuɗi sau biyu. Don haka ku lissafa halayen da abokin ciniki yakan zo da su, kamar neman bayani, fushi, ruɗewa, neman a mayar masa da kuɗi, ko sanar da rasuwar mai asusu, ku rubuta wa kowanne iyakarsa da misalinsa. Manhajar ba ta jin nauyin lamari da kanta yadda gogaggen ma'aikaci yake ji, sai an gaya mata a fili cewa a nan ba a wasa.

Idan kamfanin yana magana da harshe fiye da ɗaya, kowane harshe yana buƙatar nasa misalan da mai harshen ya rubuta, domin fassara kundin kawai ba ta wadatarwa. Akwai hukunce-hukuncen da ba sa tasowa a wani harshe amma dole ne a wani. A Hausa, alal misali, sai an tsayar ko za a ce “ka” da “ki” ko kuwa “ku”, kuma tun da manhajar ba ta san ko namiji ne ko mace ke rubutu ba, “ku” ya fi aminci, ga shi kuma ya ƙunshi girmamawa. Idan ba a rubuta wannan ba, za ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan a cikin hira guda.

Da zarar kundin ya kammala, sai a tabbatar guda ɗaya ne, yana wuri ɗaya, yana ɗauke da ranar gyara na ƙarshe, kuma akwai mutum ɗaya sananne da ke da ikon taɓa shi. Daga cikinsa ne za a ciro umarnin tushe da ake bai wa kowace manhaja, wato bayanin da take karantawa kafin ta ga saƙon kowa. Ɓangaren murya ya zama iri ɗaya a ko'ina, sannan a ƙara wa kowace hanya abin da ya keɓanta da ita, kamar gajartar saƙon waya ko tsarin kanun imel. A lura cewa manhajar tana kwaikwayon misalai fiye da yadda ake zato, har takan maimaita buɗewar jimla ɗaya a ɗaruruwan amsoshi, saboda haka misalan su bambanta a tsawo da tsari. Wasu kamfanoni sukan garzaya su sake horar da manhajar a kan rubutunsu. Hakan yana da amfani idan rubutun yana da yawa kuma yana da tsabta, amma yana da tsada kuma gyara shi ba sauƙi, don haka ya fi kyau a ga iyakar abin da umarni da misalai za su iya yi tukuna.

Akwai wani ɓangare na murya da masu talla sukan manta, shi ne alkawari. Abin da manhajar ta faɗa, kamfanin ne ya faɗa, kuma magana zarar bunu ce. A watan Fabrairu na 2024, wata hukumar sasanta ƙananan ƙararraki a lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jiragen sama na Air Canada, bayan manhajar hira ta shafinsa ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya sayen tikiti sannan ya nemi rangwamen masu makoki daga baya cikin kwana 90, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da neman rangwamen bayan tafiya ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta, hukumar ta yi watsi da wannan hujja, ta umarce shi ya biya. Babu wanda ya ce manhajar ta yi rashin ladabi. Ta yi magana cikin natsuwa da tabbaci, kuma wannan tabbacin ne ya sa aka gaskata ta. Saboda haka duk abin da ya shafi farashi, rangwame, garanti, wa'adi da mayar da kuɗi, dole manhajar ta ɗauko shi daga takardun kamfanin na yanzu da aka haɗa ta da su, ba daga abin da take zaton ta sani ba. Idan ba ta samu ba, a koya mata yadda za ta ce ba ta da amsa, da muryar kamfanin, sannan ta miƙa mutumin ga ma'aikaci. Wannan jimlar ta miƙawa tana cikin waɗanda suka cancanci a rubuta su da hannu kalma bayan kalma, kuma ma'aikacin da zai karɓa ya ga duk hirar da ta gabata, kada a sa wanda ya riga ya gaji ya sake bayani daga farko.

Kada kuma a bar manhajar ta yi shigar mutum. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Agusta na 2024, ta ƙunshi sharaɗin a sanar da mutane idan na'ura suke hira da ita. Ko a inda babu irin wannan doka, wanda ya gano daga baya cewa an ruɗe shi ba zai ƙara yarda da sauran maganar ba.

Kafin a saki manhajar ga jama'a, a sa ma'aikata su yi ƙoƙarin karkatar da ita da gangan, domin wasu daga waje za su yi. A watan Disamba na 2023, masu tsokana sun sa manhajar wani dillalin motocin Chevrolet a jihar Kalifoniya ta Amurka ta amince da sayar da sabuwar mota a kan dala 1. A watan Janairu na 2024, wani abokin cinikin kamfanin jigilar kaya na DPD a Birtaniya ya sa manhajarsa ta yi ashar, ta kuma rubuta waƙa tana kushe kamfanin, har aka dakatar da wannan ɓangare nata. Bayanin da DPD ya bayar shi ne cewa matsalar ta biyo bayan wani sabuntawa da aka yi wa tsarin, kuma wannan ne abin lura a labarin: manhajar da ta yi daidai jiya tana iya sauka daga layi yau ba tare da kowa ya taɓa kundin ba, domin kamfanonin da ke ƙera injinan ƙirƙirarriyar basira da ake gina waɗannan manhajoji a kansu suna sauya su lokaci zuwa lokaci.

Maganin wannan shi ne a tanadi tarin tambayoyin gwaji da ba sa sauyawa, waɗanda suka haɗa da na yau da kullum, na masu fushi, na masu neman abin da ba a bayarwa, da na masu tsokana. Duk lokacin da aka gyara umarni, ko aka sauya injin, ko aka ƙara sabon kaya, sai a sake jefa mata su a kwatanta amsoshin da na baya. Ana iya sa wata manhajar ta duba bin ƙa'idoji masu sauƙin ƙirgawa, kamar tsawon saƙo da kalmomin da aka haramta, amma hukunci a kan ko amsa ta yi kama da kamfanin aikin mutum ne. Wata hanya mai sauƙi ita ce a gauraya amsoshin manhajar da na ƙwararrun ma'aikata, a cire sunaye, a ba wani ya rarrabe. Inda ya gane na na'ura nan take, a tambaye shi abin da ya tona ta, a mayar da wannan amsa ƙa'ida ko sabon misali a cikin kundin.

Bayan an fara aiki, a ware lokaci kowane mako da wakilin sashen talla da na sashen kula da abokan ciniki za su zauna tare su karanta wasu hirarraki na gaske da aka ɗebo ba tare da zaɓe ba, bayan an ɓoye bayanan masu su. Su fi mayar da hankali kan dogayen hirarraki, domin manhaja takan riƙe muryar a saƙonni na farko sannan ta sake ta yayin da hirar ta miƙa, musamman idan abokin cinikin ya fusata ko ya sauya harshe a tsakiya. Duk gyaran da aka amince da shi a wannan zama a shigar da shi kundin a ranar, a sabunta umarnin dukkan manhajojin a lokaci guda, sannan a sake gudanar da tambayoyin gwaji kafin a saki sabon umarnin.