Zaɓen cike gurbi a mazaɓa mai kujeru da yawa: inda lissafinmu ke karkacewa

A rumfar mai shayi da ke bakin kasuwar riɗi a Gadarif aka tayar da zancen, bayan wani saurayi da ya yi aiki a Kuwait ya ba da labarin zaɓensu. Mu nan Sudan tun da aka rushe majalisa a Afrilun 2019 ba mu sake ganin akwatin ƙuri'a ba, ga yaƙi kuma ya zo, amma gardamar siyasa ba ta barin bakin Bahaushe. Na zauna ina ji har jabanata, wato gahawa, ta huce, sai na lura kurakuran da na sha ji tun zaɓen 2010 su ne dai ake ta maimaitawa.

Wani dattijo ne ya fara. Ya ce ai idan ɗan majalisa ɗaya ya rasu a da'ira, wato mazaɓa, mai kujeru goma, sai a sake zaɓen goman. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, kujerar da ta zama wofi ita kaɗai ake nema, sauran tara suna nan daram." A Kuwait mazaɓu biyar ne, kowace da wakilai goma, kafin sarkinsu ya rushe majalisar a Mayun 2024. Tsarin mulkinsu ya ce a cike gurbi cikin wata biyu daga ranar da majalisa ta sanar da shi, wanda ya ci kuma ragowar wa'adin magabacinsa zai ƙarasa. In saura wata shida majalisa ta tashi, ba a ma yin zaɓen.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne na lissafi, kuma masu ilimi ma suna faɗawa. A babban zaɓe, ƙaramar al'umma tana iya samun wakili ba tare da ta zo ta ɗaya ba. A ce mazaɓa ce mai kujeru uku, manyan ɓangarori biyu suka ɗauki ɗai-ɗai, mutanenmu suka haɗa kai suka zo na uku, sun shiga ke nan. To, a ce wakilin nan ya rasu. Yanzu kujera ɗaya ce a faifai, masu jefa ƙuri'a kuwa duk jama'ar mazaɓar ne, har da waɗanda nasu wakilan suna zaune lafiya a majalisa. Wanda ya zo na ɗaya kaɗai ke ci. Ƙuri'un da suka ishe ka jiya, yau ko ƙofa ba za su kai ka ba, sai ka ga mutane suna rantsuwa an yi maguɗi alhali ƙidaya ce ta kayar da su. Gyaran shi ne a daina duba yawan abin da aka samu a baya, a duba tazarar da ke tsakaninmu da na ɗaya. In tazarar ta yi nisa, a nemi ƙawance tun kafin a rufe rajistar 'yan takara, a yi ciniki a fili: mu ba ku yau, ku ba mu gobe.

Daga nan sai raba ƙafa. Kowace zuri'a ta tsayar da ɗanta, kowa na cewa shi ne magajin marigayi. Tarihin ƙasar nan ya ishe mu darasi. A zaɓen 1986 an ware wa masu ilimin boko kujeru 28, da'irar khirrijin, jam'iyyar Hasan Turabi ta kwashe 23, saboda ta tsayar da mutane daidai da kujeru ta kuma ja magoya bayanta layi guda, abokan hamayyarta kuwa suka tarwatsa ƙuri'unsu tsakanin 'yan takara barkatai. Irin wannan mazaɓa ce ta kai Fatima Ahmad Ibrahim majalisa a 1965, mace ta farko, kuma can ma tsari ne ya yi aiki.

Ba kowane gurbi ke jawo zaɓe ba, wannan ma a riƙe. A 2015 majalisar ƙasa tana da kujeru 426: 213 na mazaɓu, 128 na jerin mata, 85 na jerin jam'iyyu. Inda aka zaɓi jeri, wato jerin sunayen da jam'iyya ta miƙa, al'adar ita ce mai bi a jerin ya gaji kujera. Kafin ka sayar da buhun dawa ka buga fosta, bincika ta wace ƙofa mai kujerar ya shiga.

Sai ranar zaɓe. A 2010 takarda takwas aka miƙa wa kowane mai zaɓe a arewacin Sudan, kuma na ga wata tsohuwa a layinmu ta fito tana tambayar jikarta, "Ke 'yar nan, wacce ce ta mata a ciki?" bayan ta riga ta jefa duka. Wanda ya saba yi wa sunaye da yawa alama yakan maimaita a zaɓen cike gurbi, takardarsa ta lalace. Kujera ɗaya, alama ɗaya. Ko a Kuwait an rage ƙuri'ar mutum daga huɗu zuwa ɗaya a 2012. Wakilin ɗan takara ya zana takardar gwaji a kwali, ya bi gida-gida yana nuna wa tsofaffi.

Kuma irin wannan zaɓe ba ya tara jama'a. In ya faɗo lokacin yankan riɗi, rabin mutanenmu suna gona, riɗi kuwa ba ya jira, kwana kaɗan ya zube ƙasa. Wanda ya tanadi mota ya kuma tabbatar takardun shaidar mutanensa suna hannu tun da wuri, ya riga ya yi rabin aikin. Baffa ya kurɓi shayinsa ya ce a bari zaɓen ya dawo tukuna, sa'annan a yi maganar mota.