Darasi na Tara: Yadda Ake Shawo Kan Tsoron Alkafura ta Baya

Masu kallon ƙwallo da dama ba su manta da ranar da Julius Aghahowa ya ci Suwidin a gasar cin kofin duniya ta 2002 ba, lokacin da ya jero alkafura ta baya ɗaya bayan ɗaya don murna. Irin wannan juyi 'yan koroso suna yin sa a Kano, yaranmu ma suna gwada shi a kan tarin yashin masu gini, sau da yawa ba tare da wani babba yana lura da su ba. A wasan jimnastik kuwa, wato wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki, da kuma wasan 'yan ƙarfafa gwiwa da ya samo asali a jami'o'in Amurka, inda matasa ke rera kirari suna tsalle a gefen fili, juyin baya darasi ne da ake koyarwa daki-daki a kan katifa.

Akwai wani abu da masu horarwa suka sani sarai. Yarinyar da ta shekara tana yin alkafura ta baya ba tare da gargada ba, wata rana za ta tsaya a kan katifa, ta ɗaga hannu, ta durƙusa kaɗan, sai ƙafafunta su ƙi barin ƙasa. Tana so ta yi, ta kuma san yadda ake yi, amma jikin ya ƙi. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma taurin kai ba ne.

Dalilin farko yana ga ido. Mai juyawa gaba yana ganin inda zai nufa kafin ya tashi, shi kuwa mai juyawa baya yana jefa jikinsa wurin da ba ya gani, sai ya kusa kammala juyin sannan ƙasa ta bayyana masa. A wannan ɗan tsakanin yana dogara ne da wasu ƙananan bututu uku masu ruwa da ke cikin kowane kunne, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai yake juyawa. Idan ƙwaƙwalwa ta yi shakkar saƙon, sai ta tsayar da jiki domin ta kare wuya da kai. Shakkar takan zo bayan faɗuwa, ko bayan ganin wani ya faɗi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Takan zo kuma lokacin da yaro ya yi tsawo farat ɗaya a shekarun balaga, hannaye da ƙafafu suka ƙara tsayi, ma'aunin da jiki ya saba da shi ya canza.

Kada a ɗauka cewa ƙananan 'yan wasa kaɗai abin yake samu. A gasar Olamfik ta Tokiyo, wadda aka yi a 2021, Simone Biles, 'yar wasan jimnastik ta Amurka, ta tashi da niyyar murɗa jiki sau biyu da rabi a sama, sai ta yi ɗaya da rabi, ta rasa sanin inda take kafin ta dira. Nata ya shafi murɗawa ne, amma tushen ɗaya ne, wato saɓani tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Ta janye daga wasanni da dama, ta koma atisaye a wurin da ake dira a kan abu mai laushi. Da ta dawo wasa a kan doguwar sanda mai faɗin santimita 10 da ake tafiya da juyi a kanta, sai ta sauya saukarta zuwa wadda babu murɗawa a ciki, ta sami lambar tagulla. A Faris a 2024 ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. Ni a ganina babu abin da ya fi dacewa iyaye da masu horarwa su riƙe kamar yadda ta koma baya da gangan ba tare da jin kunya ba.

Komawa bayan ita ce maganin. Sai a nemi matakin da yaron yake iya yi hankalinsa kwance, ko da kuwa ya yi ƙasa ƙwarai da inda ya kai a da, a fara daga nan. Ga wasu, matakin shi ne adungure na baya a kan katifa, da tafukan hannu kusa da kunnuwa domin hannu ya ɗauki nauyi maimakon wuya. Daga nan a wuce zuwa kwanciya rigingine a ɗaga ciki sama har baya ya lanƙwashe kamar baka, sai tsayuwa a kan hannaye a jikin bango har kafaɗu su yi ƙarfi, sai tsalle da baya a faɗa kan katifu da aka jibga sun kai tsayin ƙugu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci na musamman, domin a nan ne jiki yake koyon cewa akwai abin da zai tare shi a inda ido bai gani ba. Ba a barin mataki sai an maimaita shi har ya zama ba ya tayar da gaba.

Idan aka kai ga juyin kansa, dole ne a sami mai tallafe wanda ya san aikin, hannunsa ɗaya a gadon bayan yaron, ɗayan a bayan cinya. Da farko zai ɗauki nauyin sosai, sannan ya riƙa ragewa har ya zama taɓawa kawai. Sharaɗi ɗaya ne ba a karyawa: idan ya ce zai riƙe, to ya riƙe. Mai horarwar da ya janye hannu a ɓoye don ya nuna wa yaro cewa ai ya iya, ya rushe amanar da aka yi watanni ana ginawa, ko da yaron ya dira lafiya.

Yana da amfani a ba yaron kalmomi uku gajeru da zai riƙa faɗa a zuci, kamar “zauna, tashi, miƙe”, domin zuciyar da ke riƙe da umarni ba ta samun sararin zana faɗuwa. A kuma yi yarjejeniya cewa za a ƙirga uku, in bai tashi ba sai ya sauka mataki ɗaya, ba tare da faɗa ko gori ba. Tsayuwa minti biyar a kan katifa ana ta lallashi ko tsawa ba ta koya masa komai sai tsayuwar. Mafi haɗari shi ne wanda aka tilasta wa, ya tashi da zuciya biyu, ya fasa a tsakiyar iska, domin shi ne yake sauka a kan wuya.

Saboda haka ba a koyon wannan juyi a kan siminti ko busasshiyar ƙasa, ba a kuma yin sa a gajiye. Idan yaro ya faɗi a kan kai ko wuya, ya ce yana jin ciwon wuya, ko hannu ko ƙafa sun yi masa sanyi ko ba sa motsi, kada a ɗaga shi zaune, kada a ja wuyan, kada a kai shi wurin mai ɗori. A riƙe kansa daidai da jikinsa yadda ba zai motsa ba, a nemi ma'aikatan lafiya, a kai shi asibiti a kwance a kan abu mai ƙarfi.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya rubuta matakai huɗun da ake bi kafin a kai ga juyin baya, a jere yadda suka zo, sannan ya karanta wa na kusa da shi.